A Raba Su

Turai ta rufe ido kamar yadda aka ce ta yi, ta miƙa hannunta na hagu. Baturen likita ya tsinko 'yar auduga, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ya taɓa ta da ita a wuyan hannu. Ta nuna wurin da yatsa. Ya taɓa gwiwar hannu, nan ma ta nuna. Sai ya ɗora audugar a tsakiyar tabon nan mai haske da ya fito mata a damtse tun kafin azumi, ya shafa, ya sake shafawa. Turai na tsaye shiru, yatsanta a sama, tana jiran a taɓa ta.

Mijinta Shitu na tsugune a bakin zanar da aka kewaye don duba mata. Shi ne ya ga abin da ita ba ta ji ba.

A bazarar shekarar ne hukuma ta aiko a duba fatar mutanen ƙasar Tudun Wada, ƙauye bayan ƙauye. Ranar da layi ya zo kan Kwarin Maje, malamin da ke yi wa likitan tafinta ya kwana da zazzaɓi, aka bar shi a bariki. Dagacin garin, Dikko, bai ga abin damuwa ba, don yana da Kofur Lado. Lado ya yi yaƙin Bama, ya dawo da lambar ƙarfe da tari da Turancin barikin soja, kuma a faɗin Kwarin Maje babu mai ja da shi a kan abin da Bature ke nufi, tunda babu wanda ya taɓa jin Bature ya yi magana sai shi.

Likitan ya ce a kira mijin matar kusa. Ya dubi Shitu, ya dubi Turai, ya shiga magana. Maganar ta yi tsawo. Ya nuna ƙasa, ya nuna bakinsa, ya ɗaga yatsu, ya nuna gabas inda Tudun Wada take. Duk wannan ya bi ta kunnen Shitu kamar ƙarar ruwa a kan dutse, sai kalma ɗaya da ta maƙale, saboda sau biyu aka faɗe ta, kuma duk lokacin da likitan ya faɗe ta sai ya haɗa tafukansa ya buɗe su. Sefaret. Haka Shitu ya ji ta, haka kuma ya riƙe ta.

Lado ya ƙame, ya buga ƙafa. Ya juya wajen dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce babban ciwon ne, amma farkonsa. Ya ce ta riƙa zuwa karɓar magani. Kuma ya ce a raba su."

"A raba su kamar yaya?" in ji dagaci.

Lado ya haɗa tafukansa, ya buɗe.

Kafin wani ya ƙara tambaya, likitan ya riga ya tsoma hannu a kwanon ruwan magani, ya yafito mace ta gaba. Da la'asar motarsa ta tashi, yara suka bi ta da gudu har bakin rafi.

Shitu manomi ne, dawa da auduga da ɗan gyaɗa, ba mai yawan magana ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da aka kawo masa Turai daga Ƙofa. Sun haifa sun binne, sun haifa sun binne, ɗaya ta tsaya musu, Halima, ita ma tana ɗakin mijinta can wajen Doguwa. Abin da ya rage a gidan su biyu ne, da awaki, da ƙamshin daddawa, don ita ce sana'ar Turai. Daga kasuwar Tudun Wada har rugagen da ke bakin daji an san daddawarta, ba ta da tsakuwa, ba ta da ɗaci.

Washegarin dubawa ta ɗora kalwa a wuta kamar kullum. Ba ta ce komai game da tabon ba, shi ma bai ce ba. Amma gari ya ce. Matan da ke turo yara sayen daddawa suka daina. A bakin rijiya, in ta ajiye tulunta, sai na kusa da shi su matsa. Wata tsohuwa da ta ari turminta ta aiko a ce ta bar shi kawai, ba sai an mayar ba, ta samu wani. Turai ta kai daddawa kasuwa, ta dawo da ita cif yadda ta tafi.

Ba a jima ba dagaci ya aika a kira Shitu. Ya tarar da liman a zauren, da Lado a gefe yana gyaran fitila.

Bayan gaisuwa dagaci ya ce, "Shitu, ni ba ni da matsala da kai, ba ni da ita da iyalinka. Amma motar nan da ka ga ta tafi, za ta dawo. In ta dawo ba kai za a tambaya ba, ni za a tambaya. Daga nan magana ta je gun hakimi. Ka san faɗan da ya fi ƙarfinka."

"Ranka ya daɗe, ai ina tunanin gina mata ɗaki a bayan rumbu," in ji Shitu. "In ɗaki ne, sai ta koma can."

"Bature ya ce ɗaki?" Dagaci ya dubi Lado.

Lado ya ajiye fitilar. "Ni ban ji ɗaki ba. Wannan kalmar na san ta kamar yunwar cikina. A Bama wasu sojoji biyu 'yan wajen Zariya suka yi faɗa a kan sigari, har ɗaya ya zaro wuƙa. Manjo ya zo ya faɗi kalmar nan, sau ɗaya ma, ba biyu ba. Kafin gari ya waye an ɗauki ɗaya an kai shi wata bataliya. Har yaƙi ya ƙare ba su ƙara sa juna a ido ba. Bature in ya ce sefaret, ba wasa yake yi ba."

Shitu ya juya wajen liman. Liman ya gyara zama, ya ce shi dai abin da ya sani, a wannan ciwo shari'a ta ba da zaɓi, ba ta tilasta ba. Wanda ya zauna bai yi laifi ba, wanda ya rabu bai yi laifi ba. Amma zancen hukuma kuma, wannan ba fanninsa ba ne.

A waje wani yana faskare. Shitu ya dubi tabarmar da yake kai, ya ga inda kabar ta fara warwarewa, ya yi ta kallon wurin. Ya tuna yadda dogarai suka taɓa ɗaure wani mutumin ƙauyen gaba a rana saboda ya ɓoye shanu ranar allura. Ya tuna tulun Turai shi kaɗai a bakin rijiya. Bai san lokacin da ya yanke shawara ba, in ma shawara ce. Ya dai ji bakinsa ya furta saki.

"Ɗaya?" in ji liman.

"Ɗaya."

Ya same ta a tsakar gida tana surfen kalwa. Ya tsaya a bayanta har ta ɗago. Ya faɗa mata da gajerun kalmomi, ya ƙara da cewa umarni ne daga sama. Ta jingina taɓarya da turmi, ta goge hannu da gefen zane.

"To," ta ce. Can ta ƙara, "Wadda na ɗora fa? In na bar ta yanzu lalacewa za ta yi."

"Ki ƙarasa."

Ta ƙarasa. Ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye, ta jira ta nuna, ta kirɓa, ta shanya. Duk kwanakin nan tana kwana a ɗakin girki, tana ajiye masa tuwo a inda ta saba. Da daddawar ta bushe ta zuba masa ita a tukunya, ta rufe da faifai. Sannan yayanta Habu ya iso daga Ƙofa da jaki biyu. Bai zauna ba, ruwa ma a tsaye ya sha. Aka ɗaure tasoshi da tukwane da mazari. Da za su fita Turai ta ce wa Shitu baƙar akuyar nan tana da ciki, kada a bar ta ta ci rogon maƙwabta. Shi ke nan sallamar.

Damina ta sauka da kyau a shekarar. Shitu ya yi shuka shi kaɗai, ya yi noman fari shi kaɗai. Matar ƙanensa ke aiko masa da tuwo, wani lokaci da zafi, wani lokaci ya huce. Ya san muddin idda ba ta cika ba kalma ɗaya ta isa ya mai da matarsa, ba sadaki, ba waliyyi. Sau da yawa yana cikin gona sai ya tsaya ya jingina da fartanya, ya ƙudurta gobe zai kama hanyar Ƙofa. Sai kuma ya ji kamar ƙugin mota daga wajen rafi, ya saurara, ashe hadari ne. Haka goben ta yi ta komawa jibi har dawa ta yi bununi. Motar ba ta dawo ba. Idda ta cika ba tare da kowa ya zo ya gaya masa ba.

Gab da kaka kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ya sa ganye, ya sa toka, ƙafa ta kumbura har ba ya iya taka ta. Ƙanensa ya ɗora shi a jaki ya kai shi ɗakin shan magani na Tudun Wada.

Sun dace da ranar masu ciwon fata. Suna zaune a jere a jikin bango, wasu da tabo kawai, wasu yatsu sun fara tafiya, kowa na jiran 'yan fararen ƙwayoyin da ake ba su duk mako. Shitu na zaune a inuwa yana jiran nasa layin sai ga wani Bafulatani dogo ya iso da takarkari, mace a kai. Ya durƙusar da san, ya kama hannun matar ya sauke ta, ya gyara mata mayafi. A kumatunta akwai tabo irin na Turai, har ya fi shi faɗi. Ta shiga layi, shi kuma ya zo ya zauna kusa da Shitu, ya ajiye sandarsa.

Suka gaisa. Ya ce sunansa Hamman, rugarsu na kan hanyar Doguwa.

"'Yar'uwarka ce?" Shitu ya tambaya.

"Iyalina ce."

"Baturen bai duba ta ba ne?"

"Shi ya gano shi ma, da 'yar audugarsa."

"Bai ce a raba ku ba?"

"Ya ce mana," in ji Hamman, yana murmushi. "An raba. Tabarmarta daban, ƙwaryarta daban, kuma ba ita ke tatsa ba yanzu. Malaminsa ya ce in magani ya kama jiki, har wannan ma za a sassauta. Wahala ce dai, amma me za a yi?"

Ƙafar Shitu na zogi, amma ya daina jin ta.

Da aka kira shi ciki, ya tarar da Malam Balarabe, ma'aikacin ɗakin maganin, saurayi mai farar riga da agogo, wanda ya yi karatu a birni. Ya wanke ƙafar, ya kamo kan tsutsar, ya fara naɗe ta a tsinke a hankali. Shitu ya bari sai da aikin ya yi nisa.

"Malam, don Allah in yi tambaya. Kalmar nan ta Turawa, sefaret, mece ce fassararta?"

Malam Balarabe ya ɗago, fuskarsa ta saki. Ba kullum ake kawo masa irin wannan tambaya ba a ɗakin da ba a zance sai na gyambo da gudawa. Ya gyara masa faɗarta, Shitu ya gwada, bai iya ba, aka bar ta yadda take.

"Raba ke nan, ko ware," in ji malamin. "Amma ka san kalma ba ta da gida ɗaya. Mai awon gyaɗa in ya ce a fitar da ruɓaɓɓiya daga mai kyau, ita zai faɗa. Malamin makaranta in yara biyu suka kaure, ita zai faɗa, a janye wannan a janye wancan, anjima kuma ka gan su suna wasa tare. Kogi ma in ya ratsa tsakanin gari biyu, da ita ake faɗa, alhali kogi bai ƙi kowa ba. Mu nan asibiti kullum a bakinmu take: mai ƙyanda daban, mai lafiya daban, har a warke."

"Miji da mata fa?"

"Ana sa ta. Amma ko a nan ba saki take nufi ba. A wajensu in an faɗe ta ga ma'aurata, kowa ya koma gefe ne, igiya na nan ba a tsinke ba. Tsinke igiya wata kalma ce daban." Ya ɗan ja tsinken, Shitu ya cije leɓe. "Kuma ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Sai an ji me ya zo gabanta, me ya biyo bayanta. A raba me da me? Shimfiɗa? Kwano? Mutane? Har zuwa yaushe? Wanda ya faɗa maka ita, me ya ce bayanta?"

"Ya ce abubuwa da yawa. Ita kaɗai na riƙe."

"To ai ka kamo kan magana ka bar gangar jikinta a can."

Shitu ya ba shi labari, a taƙaice, yana kallon bango. Malamin ya daina murmushi. Ya ce shi dai bai taɓa jin likitan nan ya ce a kashe aure ba, abin da ya saba faɗa zancen shimfiɗa ne da kwano. Amma shi ba ya wurin a ranar, ba zai rantse a kan abin da kunnensa bai ji ba.

"Ina Baturen yake yanzu? In je in tambaye shi."

"An ɗauke shi tun tsakiyar damina. An ce Barno, wasu sun ce gida ya tafi gaba ɗaya." Ya ɗaure tsinken da ƙyalle. "Kada ka ja da ƙarfi, in ta tsinke a ciki ka shiga uku. Kullum kaɗan-kaɗan. Na gaba!"

Sai da ƙafar ta yarda ya taka sannan ya je wajen Lado. Ya same shi a gindin ɗorawa yana liƙe tayar keke. Shitu bai ɗaga murya ba. Ya maimaita abin da malamin asibiti ya ce, tun daga gyaɗa har kogi.

Lado ya saurara har ƙarshe, ya tofar da yawu gefe. "Yaron nan a aji ya koyi Turanci, ni a bakin bindiga na koya. Na ce a raba, shi ma ya ce raba. Ina bambancin?"

"Baturen ya daɗe yana magana, Kofur. Kai kalma uku ka faɗa."

"Haka Turanci yake, romo ya fi nama yawa. Ni naman na tsamo muku." Ya ci gaba da shafa gam. Amma har Shitu ya tafi bai ɗago ya dube shi ba.

Dagaci kuwa ko gezau bai yi ba. "Ni na ce ka saki matarka? Liman na nan, a tambaye shi. Na ce Bature ya ce a raba, na ce ni za a tambaya. Sauran daga bakinka ya fito, Shitu. Magana zarar bunu ce."

Shitu ya juya maganar a ransa duk hanyar gida, yana neman inda dagaci ya yi ƙarya. Bai samu ba.

Da ya gama cire auduga ya bar wa ƙanensa awaki, ya saɓa gora da buzu, ya kama hanyar arewa. Ya kwana a wani ƙauye kusa da Kiru, washegari da hantsi ya shiga Ƙofa yana ɗingishi. Habu na ƙofar gida yana dukan dawa da 'ya'yansa. Ya amsa sallama, ya amsa gaisuwa, bai ajiye sanda ba. Sai da Shitu ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan Habu ya ce, "Ni ba ni na aure ka ba. Tana bayan gida. In ta yarda ta gan ka, bismilla."

An yi mata 'yar bukka a ƙarshen gidan, kusa da garken tumaki. Tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi. Ta rame kaɗan. Tabon na nan a damtse, sai dai gefensa ya dusashe, ya fara komawa launin jiki. Can gefe ga tukunyar kalwa a kan murhu.

Ta shimfiɗa masa buhu nesa da ita. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka san juna: gajiya, hanya, amfanin gona, labarin Halima. Ta tambayi baƙar akuya, ya ce ta haifi biyu. Ya nuna tukunyar da haɓa, ta ce matar Habu ke kaiwa kasuwa a matsayin tata, ana saye har ana yabawa.

Sai ya fara. Ya shirya maganar tun daga Kwarin Maje, ya yi ta bitarta a hanya. Ya ba ta labarin Bafulatanin da takarkarinsa. Ya faɗi abin da Malam Balarabe ya ce, bai bar komai ba: mai awon gyaɗa, yaran makaranta, kogin da bai ƙi kowa ba, igiyar da ba a tsinke ba. Ya ce kalmar ba ta tafiya ita kaɗai. Ya ce kuskure ne aka yi tun daga bakin Lado, Baturen shimfiɗa da kwano yake nufi. Ya ce ya zo a ɗaura sabo, ya riga ya gina ɗakin bayan rumbu, ya yi masa daɓe.

Turai ba ta daina kaɗi ba har ya gama. Mazarin na juyawa, zaren na hawa.

"Wannan duk na sani," ta ce. "Tun zuwana na farko Bebeji karɓar magani malamin can ya gaya mini. Ya tambaye ni ina mijina, na ce an raba mu. Ya riƙe baki."

Shitu ya dube ta. "Kin sani tun ana cikin idda? Me ya hana ki aiko?"

"In aiko in ce me? In ce Bature ya yarda ka riƙe matarka?" Ta tsayar da mazarin a cinya. "Shitu."

Tunda aka kawo ta gidansa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Maigida take cewa, ko Malam. Ya ji sunan kamar na wani.

"Ka sha hanya da ciwon ƙafa don ka gaya mini abin da Bature bai ce ba. Na ji, na kuma gode. Ni tambayata ɗaya ce. Da a ce ka je asibitin nan malamin ya ce maka eh, saki yake nufi, da yanzu kana ina?"

Ya buɗe baki. Amsar da ta zo masa ba ta faɗuwa, wadda ke faɗuwa kuma ba gaskiya ba ce, kuma ya san za ta gane. Ya rufe bakin. Wata tunkiya ta leƙo ta kan danga, ta koma.

"Ba na jin haushinka yanzu," in ji Turai. "Da na ji. Mutum ɗaya ne kai, su suna da yawa, ga tsoron mota. Amma shi Baturen sau ɗaya ya gan ni, da ido a rufe ma. Kai ka san ni."

"To yanzu me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Maganin nan an ce sai an shekara biyu ana sha, ko fiye. Ina nan, ba inda za ni." Ta ɗauki mazarin. "Ka je ka huta, za a kawo maka abinci zaure. Gobe da sassafe zan tafi Bebeji, ranar karɓa ce."

Bai ce zai bi ta ba, ita ma ba ta ce ya biyo ba. Amma da ta fito da safe da ƙwarya a ka, ta same shi a ƙofar gida yana ɗaure ƙafa da tsumma. Ta wuce, ya bi. Tana gaba yana baya, tsakaninsu kamar tsawon igiyar jaki. Suka ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye, shanun Fulani na kiwo a ciki. In ta ga ya yi nisa a baya sai ta tsaya gyaran gammo, ba ta waiwaya ba, har ya matso.

A Bebeji an riga an yi layi a jikin ɗakin maganin. Wani dattijon ma'aikaci na bakin ƙofa yana shigar da mutane ɗaya-ɗaya. Ya san Turai, ya gaishe ta da suna. Sai ya ga mutum tsaye a bayanta, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai fa? Mijinta ne?"

Shitu ya dubi Turai. Tana sauke ƙwaryarta, tana neman inda za ta ajiye.

"Ɗan rakiya ne," ta ce.

"To 'yan rakiya can gindin ceɗiya," in ji dattijon. "Nan na masu karɓa ne."

Shitu ya ɗingisa ya tafi. A gindin ceɗiyar akwai maza uku da wata tsohuwa da jakuna. Suka matsa masa, ya zauna a kan saiwa, ya miƙe ƙafar. Wani ya miƙo masa ɓarin goro, ya tambaye shi daga ina. Ya ce daga kudu. Layin na tafiya a hankali, rana na hawa. Yana hango bayanta har ta shige.

Da ta fito ta tsaya ta sha ruwa a randar bakin ƙofa, ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwarya. Hanyar Ƙofa ta gaban ceɗiyar ta bi. Ta zo daidai inda yake, idonta a kan hanya.

"Rana na yi," ta ce, ba ta tsaya ba.

Shitu ya lalubi gorarsa, ya dafa saiwar, ya miƙe.